Hadizatu Biyu, Gado Ɗaya

Duk wanda ya tashi a ɗakina cikinku ya san abu biyu tun bai iya wanke kwanonsa ba: ba a zama mini a kan buhun albasa, kuma ba a yabon Tanti Uwani a gabana. Na farkon yana da dalili, albasa ba ta son nauyi. Na biyun kuwa dalilin da na ba ku rabi ne. Na ce muku ta cinye mini gurbina a kolejin 'yan mata na su Maser, matan cocin nan, ta tafi da sunana, ta bar ni da kwando a ka. Kun ji wannan har kun haddace, wasunku ma a tsaye suke gaishe ta saboda shi. Yanzu da gwiwa ta raba ni da kasuwa, yayarku ta kawo mini kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta ce in rubuta abin da na sani, to bari in gyara wannan tun ina da ido. Da Hausa nake rubutawa, don Faransancina ya tsaya inda ni na tsaya. Kada ku ɗauka na daina kishinta ne ya sa. Ban daina ba, za ku ma ji inda ya kai.

Mu biyu ne Hadizatu a gidanmu na bayan kasuwar Malanville. Ni ce ɗiyar fari ga Baba, Malam Garba mai albasa, aka sa mini sunan mahaifiyarsa. Ƙanensa da ke dillancin shanu a Guéné, da aka haifa masa mace bayan wata bakwai, shi ma sai ya sa mata sunan tsohuwar, don kada a ce wansa ya fi shi son uwa. To ba mai iya kama sunan uwarsa a baki, saboda haka ni aka ce mini Azumi, don cikin azumi aka haife ni, ita kuma Uwani. Tana shekara huɗu ubanta ya rasu, uwarta ta koma wajen danginta ƙetaren kogi, Baba ya je ya ɗauko ta a bayan keke. Daga ranar tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Da aka zo sa mu lakkwal, wato makarantar boko, Baba ya rubuta mu duka da sunansa. Malamin ajin, da muke ce wa Mushe, ya duba ya ga Hadizatou Garba har biyu, ya sa mini lamba ɗaya, ya sa mata lamba biyu, aka wuce wurin.

Ku 'yan yanzu kuna ganin kunyar ɗan fari kamar wasa. A gidanmu ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko na Azumin ma. In yana so na sai ya ce "waccan", ko ya ce "ku ce ma yarinyag ga ta zo". Inna ma haka, ko zazzaɓi nake yi sai ta tura maƙwabciya ta taɓa mini goshi. Uwani kuwa sunanta bai taɓa hutawa a bakin Baba ba. Uwani kawo ruwa, Uwani zo ki ga kifin da na samo Garou, Uwani hau keke in kai ki. Ni in bi su a ƙasa da jakarmu duka biyu. An gaya mini haka ake yi wa ɗan fari, kuma marainiya sai an ja ta a jiki. Kaina ya gane wannan sarai, cikina ne bai taɓa ganewa ba. Sai na koma ramawa a lakkwal. Shekara shida ba yarinyar da ta zauna gabana, maza ma biyu ne kawai ke ba ni wahala. Uwani tana can tsakiya, ba ta gaba ba ta baya, tana dariya da kowa. Ranar ba da sakamako nakan ajiye takardata a kan buzun Baba, ya ɗaga ta ya mayar bai ce uffan ba, sannan ya kira Uwani ya ce ta yi ƙoƙari.

Kolejin kuwa sabo ne a lokacin, shekararsa uku ko huɗu. Su Maser, wato matan nan na cocin Katolika masu farin lulluɓi da ba su aure, da gidan likita suka fara a yankinmu. Babbarsu, Maser Terez, 'yar kudu ce, doguwa, mai takalmin maza. Ita ta lura matanmu sun gwammace su wahala a ɗaki da su tsaya gaban likita namiji, kuma duk faɗin garin ba macen nan ƙasar da za ta karanta abin da ke jikin kwalbar magani. Sai ta ce ba za ta ci gaba da ɗauko mata daga kudu ba, waɗanda ba su jin Dendi ba su jin Hausa, za ta yi nata a nan. Aka ba su wani tsohon shagon auduga a kan hanyar Guéné, suka share, suka raba shi da zana, rabi aji rabi wurin kwana. Kowace shekara sukan roƙi shugaban kowace lakkwal ya ba su sunan yarinyar da ta fi ƙoƙari, su ɗauke ta ci da kwana. Sharaɗinsu guda ne, kuma har yau shi ne rubuce a bisa ƙofarsu: wadda ta fita ta jawo wata. Ni tun ina aji biyar na san wannan gadon nawa ne. In motar albasa ta bi da mu ta gaban shagon nakan ƙirga shuɗayen rigunansu da ke shanye a kan igiya, in zaɓi wurin da tawa za ta rataya.

Mun ci satifika, jarrabawar gama firamare, mu duka biyu. Shugaban lakkwal ɗinmu ya aika sunan, sannan aka yi masa canjin wuri zuwa kudu tun kafin damina ta tsaya. Abin da ya rubuta shi ne Hadizatou Garba, ɗiyar Garba mai albasa. Lambar ce ya manta, ko kuwa ya ga ba wanda zai yi shakka.

Wata ranar Talata da hantsi Maser Terez ta zo gidanmu da kanta. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta ƙi kujera. Baba ya sa aka kira mu, muka durƙusa daga bakin ƙofa, Inna tana bayanmu a tsaye. Dendin Maser na gidan likita ne, irin na "ina ke ciwo, sha sau uku", amma da shi ta lallaɓa. Baba bai ɓoye mata abin da ke ransa ba.

"Mu Musulmi na. In kun ɗauki ɗiya, mi za ku maido muna?"

Ta ce za su maido masa ɗiyarsa da sallarta, sai dai ta ƙaru da karatu. Ta ce akwai ɗaki da tabarmi da butoci, kuma cikin azumi ita da kanta ke tashin mai dahuwa don sahur. Ta ce ba addininsa take nema ba, unguwarzoma take nema da malama, waɗanda matan garin nan za su yarda su buɗe wa baki. Baba ya ja carbinsa, sannan ya ce ya yarda. Sai Maser ta buɗe takardar sunan, ta dube mu mu biyu, ta yi tambayar da kowane ɗan garin nan ya san ba a yi wa uba a gaban mutane.

"Wacce ce ɗiyarka Hadizatou?"

Ku tsaya ku ga inda ta ajiye shi. Ga sunan uwarsa an kama a zaurensa. Ga ɗiyar fari, wadda bai isa ya nuna da yatsa ya ce tasa ce ba. Ga marainiyar ƙanensa, wadda in ya ce ba ita ce ɗiyarsa ba, ya kore ta da bakinsa a gaban baƙuwa. Da Maser ta ce wacce ce ta ɗaya a aji, da an gama. Da ta ce wacce ce lamba ɗaya, da ni da kaina na ɗaga hannu. Amma ita ba ta san akwai lamba ba. Baba bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya dafa kan Uwani.

"Ga ɗiyata."

Na waiwaya na dubi Inna. Tana duban tabarma. Ita ma ɗiyar fari ce a gabanta, ba ta da bakin da za ta tsaya mini. Ni kuma yarinya ba ta tsoma baki uba na magana da baƙo. Maser ta rubuta wani abu, ta shafa kumatun Uwani, ta faɗi ranar da za a zo da ita da abin da za a haɗo mata: guga, tabarma, zane biyu. Aka raka ta bakin hanya. Ban yi kuka ba sai da na shiga rumbun albasa, kuma ko a can na ce wa kaina yajin ne.

Abin dariya, ita ma Uwani kuka take yi. Ita a ganinta an gaji da ita ne za a kai ta wajen Kirista. Mutanen unguwa kuma suka tayar da magana, wai Malam Garba ya ɓoye tasa ya miƙa marainiya ga 'yan coci. Har wata gwaggonmu ta zo daga Guéné ta zazzaga masa faɗa a kan haka. Ni ina jin su ina cizon leɓe. Ana tausaya mata a kan abin da zan ba da idona ɗaya in samu. Ranar tafiya ta riƙe mini hannu.

"Azumi, wallahi ban so. Ke kin ka iya karatu. Ki hwaɗa ma Baba."

"Ke da ad ɗiyatai, ki hwaɗa mishi mana."

Na zare hannuna. Baba ya ɗaura gugarta a bayan keke, ta hau, suka tafi. Ban fita rakiya ba.

Watanni ukun da suka biyo baya ban san na taɓa zama mugun mutum kamar su ba. Inna ta sa ni zaman rumfa a kasuwa, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, ina yi wa matan Garou tafinta da 'yan kudu masu saye. Hannuna ya koma wari, ko na wanke da toka. Duk ranar Juma'a direban da ke bin hanyar Guéné yakan kawo gaisuwar Uwani, wai tana lafiya, wai an ba ta gado mai ƙarfe, wai suna koyon sunayen ƙasusuwan jikin mutum. Ni da na san ko jam'in kalmomi sai na raɗa mata. Na yi mata fatan zazzaɓi. Na yi mata fatan ta faɗi a kore ta, ta dawo ta zauna kusa da ni a rumfa in ga yadda dariyar za ta kasance. Ina faɗa muku ne don ku san wace ce uwarku a shekara goma sha uku, kada ku ce ban gaya muku ba.

To ga wurin da na saba tsallakewa in ina ba ku labarin.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara Uwani ta dawo. Ta yi haske, ta iya tafiya da takalmi, har wani ɗaga haɓa take yi, ko kuwa idona ne ya ɗaga mata. Washegari da safe ina tsakar gida ina cika kwando zan tafi kasuwa, Baba yana zaure, Inna tana bakin murhu, sai ta fito da wani ƙunshi ta ajiye a gabana. Shuɗiyar rigar koleji ce, sabuwa, an ɗinka ta daidai tsawona, don na fi ta tsawo.

"Taki ta. Na hwaɗa ma Maser ba ni ba ta, ke ta. Ta samo gado guda gidan likita, an aje shi kusa da nau. Ta ce ki taho in hutu ya ƙare, mu zamna mu biyu."

Ashe tun satin farko ta je ta sami Maser ta ce an yi kuskure, lamba ɗaya ce aka aiko, ita lamba biyu ce. Ta ce a mayar da ita gida a ɗauko ni. Maser ta ce ba ta korar yarinyar da ta riga ta shimfiɗa tabarmarta, amma za ta nemi gado na biyu. Ta kuwa nemo.

Na taɓa rigar. Har yau ina jin sanyin yadin a yatsuna. Ba abin da nake so a duniya kamarta. Amma sai na ɗaga kai na dubi zaure. Na san Baba yana ji, zana ce kawai tsakaninmu. Na ce a raina, yau dai zai faɗa. Zai ce Azumi ta tafi. Sau ɗaya kawai, in ɗauki rigar in bi bayan keken da gudu in ya so. Inna ta leƙa ta gaya masa abin da ake ciki, kamar bai ji ba. Muryarsa ta fito daga zaure.

"In waccan tana so, ta tahi."

Waccan. Uwani ta samu "ga ɗiyata" a gaban baƙuwa, ni na samu "waccan" ta bayan zana. Kuma gadon ma ba cin kaina ba ne yanzu, alfarmar Uwani ce, ita ta roƙo mini. Wani abu ya taso mini ya rufe mini ido. Na ɗauki rigar na murɗe ta, na naɗe ta gammo, na ɗora a ka, na ce wa Uwani ta taya ni aza kwandon.

"Azumi, tsaya ki ji. Baba hwa ya..."

"Aza mini. Ban cin ragowa. Ki ce ma Maser ɗinki ta maida gadonta ga marasa lahiya."

Ta aza mini, tana hawaye. Na ratsa zaure ta gaban Baba da shuɗin rigar yana leƙowa ƙarƙashin kwando, don ya gani. Ya ci gaba da jan carbinsa. Da gammon nan na yi dako har ya yage. Maser ta sake aikowa sau biyu, na ce ba na nan. Ba Uwani ta hana ni koleji ba, ba Maser ba, ba ma Baba ba. Ni ce.

Sauran kun san shi. Ta yi shekara huɗu, ta wuce kudu ta koyi aikin unguwarzoma, ta dawo da farar riga da babur. Ni na yi aure na gaji rumfar Inna. Ita aka ce Tanti, ni aka ce Inna mai albasa. In mun haɗu a biki mata sukan tashi su ba ta kujera, su nuna mata 'ya'yan da ta karɓi haihuwarsu, ni in zauna a tabarma ina lissafin kurakuran Faransancinta. Da ta gina gida mai rufin kwano na ce zafi zai kashe ta. Da ta je Makka kafin ni na ce ai ba ta da 'ya'yan da za su riƙe ta. Wannan maganar ta ƙarshe ta kai kunnenta, kuma ba ta taɓa ramawa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Haihuwarku duka bakwai ban yarda ta taɓa ni ba, gara tsohuwar unguwa. A haihuwar autanku da abin ya zo da gardama, mahaifinku ya ruga ya kira ta ba da sanina ba. Ta yi aikinta, ta wanke hannu, ta tafi. Na aika mata buhun albasa ban aika da godiya ba.

Kolejin ma ya ga nasa. Zamanin juyin juya hali gwamnati ta karɓe makarantun mishan, su Maser suka koma gidan likita, shagon ya zama na kowa da kowa. Bayan shekaru aka mayar musu, suka sake farawa da gadaje masu tsatsa. A daidai lokacin yayarku ta ci satifika. Takarda ta zo an ba ta gado. Na gaya mata ƙoƙarinta ne, kuma ta yi ƙoƙarin, amma shekarar ba ita ce ta ɗaya a ajinsu ba. Wadda ta fita ta jawo wata. Uwani ta riƙe nata jan shekara da shekaru, 'yan uwan mijinta sun roƙa ta hana, tana jiran ɗiyata ta girma. Na sani tun ranar. Na bar mahaifinku ya sa hannu, na yi kamar ban ga sunan wadda ta jawo ba. Ranar da yayarku ta sa shuɗiyar rigar ta juya a tsakar gida tana tambaya ko ta yi mata kyau, na ce mata wuyan ya karkace. Ita ma na yi kishinta, ɗiyar cikina. Allah Ya yafe mini.

Bara su Maser na yanzu suka yi taron tsofaffin ɗalibai. Yayarku, da yake tana koyar da lissafi a can, ta matsa sai na je. Na ce me ya haɗa ni da su. Ta ce ko don shinkafa. Na je. Shagon audugar yana nan, sun mai da shi ɗakin karatu, sun kewaye shi da gine-gine da itacen mangwaro. 'Yan mata sun cika fili, wasu da hijabi a kan shuɗiyar rigar, wasu da sarƙar gicciye, suna waƙa da Dendi. Aka yi ta kiran tsofaffi ana tafi: wannan malama ce, wannan likita, wannan tana aikin duwan, wato kwastan. Da aka kira Hadizatou Garba, Uwani ta miƙe da sandarta, fili ya ɗauki tafi. Sunana ne, harafi da harafi. Ina da shekara kusan saba'in, da jikoki a gefena, amma abin nan na rumbun albasa ya taso mini kamar jiya.

Bayan an ci abinci ta zo ta tsaya a kaina.

"Tashi in gwada miki wani abu."

"Na ga mangwaron."

"Azumi, tashi."

Ta kai ni cikin tsohon shagon. A kan tebur sun ajiye babban littafin sunaye na farko, wanda Maser Terez, Allah Ya sa ta huta, ta ɓoye cikin akwatin ƙarfe duk shekarun da aka karɓe makarantar. Uwani ta buɗe shekararmu ta sa yatsa. Ga Hadizatou Garba, an ƙara lamba biyu da jan alƙalami. A ƙarƙashinta ga wani layi, Hadizatou Garba, lamba ɗaya. Sauran 'yan mata an cike musu gaban sunansu, wannan ta gama, wannan ta yi aure, wannan ta rasu. Gaban nawa kalma ɗaya ce ta Faransanci, attendue, wato ana jiran ta. Ba a taɓa soke ta ba. Gefen layin kuma ga dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada.

"Wannan na wa na?"

"Na Baba na."

Na ce Baba bai taɓa taka makarantar nan ba sai ranar da ya kawo ta. Ta ce ya taka. Ta ce da ta gaya wa Maser an yi kuskure, Maser ta kasa ganewa, don ta ce uban da kansa ya nuna. Sai ta aika masa. Wata ranar Lahadi ya zo a keke, ya ce wa Inna Garou za shi. Ya zauna a cikin shagon nan, aka rufe ƙofa. Dendin Maser bai kai ga wannan magana ba, sai aka kira Uwani ta yi tafinta. Shi ya roƙi gado na biyu, shi ya kai yadin wajen tela, shi ya gwada tsawona da hannunsa a jikin bango.

"Mi yac ce?"

"Ya ce, wadda tac ci ɗiyata ta, ta hwari. Azumi. Tun da anka sa ta lakkwal ba a taɓa wuce ta ba. Ya ce bakinai na ya kasa, ba zuciyatai ba. Sannan ya ce in na hwaɗa gida bai yahe mini ba."

Na zauna a kan bencin yara. Na tambaye ta, bayan ya rasu fa, shekara ashirin da wani abu, me ya hana ta faɗa mini.

"Yaushe kin ka taɓa bari na in kai ƙarshen magana?"

Kuna tsammani na rungume ta ne muka yi kuka. Ban yi ba. Abin da ya fara zo mini shi ne, ko wannan ma ita ta samu. Sau ɗaya tak Baba ya kama sunana a duniya, ya haɗa shi da "ɗiyata", kuma a kunnen Uwani ya faɗa. Ita ta ji muryar, ita ta juya shi zuwa Faransanci, ta riƙe shi shekara hamsin da wani abu. Kolejin na yafe, babur ɗin da kujerar biki duk na yafe. Wannan ne ban iya ba. Na ce mata ta sake faɗa, yadda ya faɗa, kada ta gyara. Ta sunkuyar da kai kamar yadda yake yi, ta rage murya.

"Ɗiyata ta. Azumi."

Na ce ta sake. Ta sake har sau uku, sannan aka zo kiran mu hoto.

To kun ji. Ranar Juma'a in ta zo, ku durƙusa ku gaishe ta yadda ake gaida uwa, ku ba ta kujerar mai hannu. In kun ga na ɓata fuska ku ƙyale ni, tsakaninmu ne, kuma na fi ta sanin dalili.

Saura abu guda. Wanda ya karanta wannan da lura zai ga tun daga farko ina ta cewa yayarku, yayarku. Shekara arba'in da shida ke nan ina ce mata "waccan", ina aika ƙannenta su kira ta, ina ajiye takardun sakamakonta ban ce uffan ba. Jiya da ta kawo mini magani na gwada, na buɗe baki, sai na ji na ce ta rufe mini taga. Bakina irin na Baba ne, ba zai iya ba. Amma ni an sa ni lakkwal, kuma ba na son ta je ta ji shi a bakin wata bayan raina. Ga shi da hannuna, ta karanta da idonta.

Rabi ɗiyata ce, ta fari. Rigar ta yi mata kyau, wuyan bai karkace ba.